Tumatirin da ba ya kamuwa da cuta

Tambaya: Malam, bana baƙaƙen ɗigo sun cinye ganyen tumatirina. Wai da gaske ne masana suna sauya halittarsa ya daina kamuwa da cuta? Manomin rani, Kadawa.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Da gaske ne. A Amurka an ciro ƙwayar gado mai suna Bs2 daga barkono aka dasa wa tumatir, ya kuma jure cutar ɗigon ganye ta bakteriya a gonakin gwaji na Fulorida. Sai dai irin bai shigo kasuwa ba, kada wani ya sayar maka da sunansa. Yanzu dai tumɓuke masu cutar ka ƙone, ka daina jiƙa ganye wajen ban-ruwa.