Me ya sa 1500 da 500 suke ba ni 1500500?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Garwa, ban daɗe da fara koyon yaren ba wa kwamfuta umarni na JavaScript ba. Na haɗa wa mahaifina ɗan shafin lissafin kuɗin shago. In na buga 1500 a akwati ɗaya, 500 a ɗayan, sai ya fito min da 1500500 maimakon 2000. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa aikin albarka. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Kai lamba kake gani, ita kuwa rubutu aka miƙa mata.

Duk abin da JavaScript ke riƙewa yana da nau'insa. Uku ne za ka riƙa cin karo da su kullum: lamba, kamar 1500, rubutu, wanda ake sakawa tsakanin alamun zance, kamar "Garwa" ko "1500", sai na e ko a'a, wato true da false. Akwai undefined, ga abin da ba a zuba masa komai ba tukuna, da null, inda kai da kanka ka ce babu komai. Wasu nau'o'i biyu, Symbol da ya shigo a 2015 da BigInt na 2020, bar su sai gaba.

To, duk abin da ka ɗauko daga akwati ta hanyar value, wato kalmar da ke miƙo maka abin da aka buga a akwatin, rubutu ne, ko da akwatin na lamba ne. Ita kuma alamar + aiki biyu take yi: in ta samu lambobi ta tara su, in ta samu rubutu ta liƙa su. Alamar ragewa ba ta da wannan hali, shi ya sa "1500" - "500" ke ba da 1000 daidai, mai koyo ya ƙara ruɗewa. Gyaran shi ne Number(a) + Number(b), inda a da b su ne abin da ka ɗauko daga akwatunan biyu, Number kuma ya juya su lamba. In kana shakkar nau'in abu, typeof zai faɗa maka.

Amma abin da ya fi damuna game da shagon Baba daban ne. Mu da muka yi karatu da Faransanci, a Garwa ne ko Marwa ko Njamena, mun saba rubuta 2,5 da waƙafi, mu kuma bar sarari a cikin 25 000. JavaScript ɗigo kawai ta sani. Number("2,5") zai ba ka NaN, ma'ana wannan ba lamba ba ce. Shi da sauƙi, tunda za ka gani da idonka. Mai haɗarin shi ne parseInt, mai ciro cikakkiyar lamba daga rubutu: parseInt("25 000") yakan tsaya a sararin ya ba ka 25 ba tare da ya yi ƙorafi ba. Kayan sefa dubu ashirin da biyar sun shiga lissafi a sefa 25 ke nan. Haka parseFloat, mai ciro lamba mai ɗigo: parseFloat("2,5") yakan zubar da rabin ya bar 2. Don haka ka fara share sarari da replaceAll(" ", ""), ka mai da waƙafi ɗigo, sannan ka juya shi lamba, ka duba da Number.isNaN kafin ka tara. Ka kula kuma, akwatin da aka bari fanko sifili Number ke mai da shi.

Lambar waya kuwa ka bar ta a rubutu, don ba lissafi za a yi da ita ba, kuma in ka juya ta, alamar + ta gaban 237, lambar kiran Kamaru, za ta ɓace.

Kuɗi ka riƙe su a cikakkiyar lamba, tunda ba ma ciniki da rabin sefa. Awo ma ka ajiye shi da giram a madadin kilo, domin 0.1 + 0.2 a JavaScript 0.30000000000000004 yake bayarwa.