Dalilin da dutse ke yin sauƙi a cikin ruwa

Malam, ka tambayi abin da ya sa dutsen da kuke tsai da kwalekwale da shi a Yauri yake da sauƙin ja a cikin kogi, amma da ya fito sai ya yi nauyi. Ruwa ne ke tallafe shi, daidai nauyin ruwan da ya ture ya zauna a gurbinsa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Dutse mai kilo 27 yakan ci gurbin kusan lita 10, don haka kilo 17 kawai hannunka ke ji.

Haɗarin yana wurin ɓullowa: kilo 10 ɗin nan suna komawa kan igiya da ƙugunka nan take, tsohuwar igiya kuwa a nan take tsinkewa. Ka gwada ƙarfinta a tudu tukuna, kuma ku ɗago shi ku biyu.