Ku Tambaya Mu Amsa: Shekarun Takunkumi Sun Gina Fasahar Sudan ko Sun Gurgunta Ta?

Tambaya daga wani mai shagon gyaran waya a Gadarif: Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure tsakaninmu da abokan sana'a. Wasu na cewa takunkumin Amurka gobarar Titi ce, tunda shi ya ba mu manhajojin Bankak da Tirhal namu na gida. Wasu kuma na cewa baya kawai ya mayar da mu. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba. An ƙaƙaba takunkumin ciniki a Nuwamba 1997, aka ɗage shi a Oktoba 2017, sunan Sudan kuma bai fita daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tallafa wa ta'addanci ba sai Disamba 2020. A tsawon wannan lokaci katin Visa da Mastercard ba sa aiki a nan. Bankunan waje ma suka riƙa gudun mu'amala da mu, musamman bayan tarar kusan dala biliyan 9 da aka ci bankin BNP Paribas na Faransa a 2014.

Da manyan kamfanoni ba sa nan, na gida suka samu fili, wannan babu musu. Kamfanin EBS ya haɗa na'urorin cirar kuɗi na bankuna a kan layi guda, Bankin Khartoum ya fito da manhajar da ta zama Bankak, Tirhal ta riƙe harkar tasi ta waya. Ladan aikin ya tsaya a cikin gida, injiniyoyinmu kuma suka koyi ginawa da hannunsu.

Sai dai kasuwar da aka rufe wa ƙofa takan tattaru a hannu kaɗan, kuma a wuri ɗaya. Kafin yaƙi, cibiyoyin ajiye bayanai kusan duk a Khartoum suke. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, EBS ya tsaya, tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan ya yanke, jama'a suka yi dafifi a Bankak domin can ne wanda za ka biya yake. A Fabrairu 2024 kuma layukan waya na Zain da MTN da Sudani suka ɗauke gaba ɗaya. Magidanci na da kuɗi a asusu amma ya kasa auno dawa, sai ya nemi mai Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, ya biya kuɗin awa kafin ya taɓa haƙƙinsa. A ganinmu buƙata da ƙwarewa ne suka gina waɗannan manhajoji, ba takunkumi ba. Kenya ta fito da M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, a 2007 ba tare da an rufe mata ƙofa ba, kuma ba ta biya farashin da muka biya ba.

Tambaya daga wata mai sayar da turaren wuta da atamfa a Mai Wurno: Duk cinikina ta manhaja ɗaya yake shiga. Yaya zan kare jarina?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ki fara da buɗe asusu na biyu a wani banki, kamar Faisal mai manhajar Fawry ko Bankin Omdurman mai O-Cash, ki riƙa kwashe wani kaso zuwa can duk mako. Ki riƙe layi biyu na kamfanoni daban, amma ki tuna lambar tabbatarwa tana zuwa ne ta layin da aka yi wa asusun rajista da shi. In layin ya mutu saboda an daɗe ba a sa masa kati ba, shiga asusun zai yi wuya ko da akwai intanet. Ki ajiye tsabar kuɗin da za ta ɗauki gida mako biyu, don ranar da kuɗin hannu suka yi ƙaranci masu canji kan zaftare wani abu kafin su ba ki.

Abin da ya fi cin 'yan kasuwa shi ne hoton shaidar turawa na bogi. Kada kaya su bar hannunki don an nuna miki allon waya. Ki buɗe taki manhajar, ki ga kuɗin sun shigo, ki gwada lambar turawar da wadda mai saye ya nuna. Lambar sirri da ta tabbatarwa kuwa, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake, ba a faɗa masa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kassala: Mun saba da Windows da aka fasa da manhajojin da ake tura mana ta Bluetooth. Tunda suna aiki, mene ne matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan sabo gadon shekarun da ba mu da katin sayen lasisi ne. Kafin abin fasawar ya zauna, sai ka kashe mai gadin kwamfutar, sau da yawa har da sabuntawa, daga nan duk ramin da aka gano a cikinta a buɗe zai zauna. Cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta Mayu 2017 ta bi ta ramin da Microsoft ya riga ya toshe tun Maris, waɗanda ba su sabunta ba ta kama. Ga shi kuma tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. In karatu da rubutu ne aikinka, Linux Mint, mai maye gurbin Windows, da manhajar rubutu ta LibreOffice kyauta ne, kuma suna tafiya a tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 4. A waya kuma, manhajar banki daga Play Store ko shafin bankin kaɗai ake saukewa. Duk wadda ta nemi izinin karanta saƙonninka alhali aikinta tocila ce ko wasa, ka goge ta, sannan ka canza lambar sirrin bankinka daga wata wayar daban.