Ku Tambayi Kawu: The Rock, Daga Filin Resilin Zuwa Gaban Kyamara

Tun da na yi kuskuren ambaton The Rock a fitowar da ta gabata, saƙonni suke ta kwararowa kamar an ɓalle famfo. Na tsamo guda biyar. Wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri, fili kaɗan edita ya ba ni, kuma ba ya ƙara ko layi ɗaya.

TAMBAYA: Kawu, musu muke yi a majalisarmu ta bakin tasha. Ni na ce ƙirar jiki ce kawai ta sa ake saka The Rock a fim, abokina ya ce a'a, ya iya wasa. Wa ya fi gaskiya? Daga wani mai gyaran waya a Gusau.

AMSA: Ƙanena, ka biya wa abokinka kuɗin shayi, don ya fi ka kusa da gaskiya. Da ƙwanji kaɗai ke kai mutum, da Hulk Hogan ya riga kowa isa. Shi ma ƙato ne, a zamaninsa babu wanda ya kai shi suna a resilin, ya fito a Rocky III a 1982, ya ja finafinai irin su Suburban Commando da Mr. Nanny, amma yau wa ke nemansu? Abin da ya raba Dwayne Johnson, wato The Rock, da sauran ƙattin shi ne baki, sai kuma yarda da ya yi a yi masa dariya.

Bakin nan kuwa wuya ce ta koya masa. Da ya fara fitowa a kamfanin resilin na WWF a watan Nuwamba na 1996, da sunan Rocky Maivia, shigar yaron kirki aka yi masa: murmushi har kunne, ga wasu shuɗayen tsummoki suna reto a kafaɗa. 'Yan kallo suka ƙi shi ƙiri-ƙiri, har da masu ɗaga kwali suna yi masa fatan mutuwa. A 1997 ya juya ya zama mugu, ya shiga ƙungiyar Nation of Domination, ya karɓi makirfo ya fara zazzaga wa jama'a rashin mutunci. Nan aka ga abin da ke cikinsa. Ya daina cewa "ni", sai dai ya ambaci sunansa kamar wani basarake yana ba da umarni, kuma waɗanda suka zage shi jiya su ne suka koma suna haddace maganganunsa.

Ina tuna gidan kallon da muke zuwa a unguwarmu a Jos, benci shida da talabijin ɗaya a kan durom, kaset ya sha kallo har hoton na rawa. Rabin Turancin da yake yi ba ma ji. Amma da ya tsaya a tsakiyar fili, ya ɗaga kai kamar mai shinshinar iska, ya yi shiru, sannan ya ɗage gira ɗaya, sai ɗakin ya kaure da ihu. Washegari duk yaran layinmu suna gaban madubin babur suna fama da gira, wani har da riƙe ɗayar da yatsa. Wanda zai riƙe dubban mutane da gira ɗaya, kyamara ba za ta firgita shi ba.

Masu fim sun lura da shi bayan ya jagoranci shirin barkwanci na Saturday Night Live a 2000. Suka ba shi 'yan mintoci a The Mummy Returns a 2001, sai The Scorpion King a 2002, inda aka biya shi dala miliyan 5.5, kuɗin da ba a taɓa ba wani ba a karonsa na farko na jan fim. Amma in kuna son raba gardama, ku nemi The Rundown na 2003. Yana fitowa a matsayin Beck, mai karɓo wa wani attajiri bashi, wanda burinsa a duniya ya buɗe gidan abinci. Farkon fim ɗin yana zaune a mota yana sauraron shirin girki a rediyo, yana rubutawa a ɗan littafinsa. Ya shiga gidan rawa karɓo zobe a hannun wani ɗan ƙwallo, a hanya suka yi kiciɓis da Arnold Schwarzenegger yana fita, wanda ya jefa masa kalma biyu ya wuce, kamar dai tsohon sarkin fawa yana miƙa wa yaronsa wuƙa. Beck ya yi magana cikin ladabi, ya ba mutumin zaɓi biyu, ko ya ba da zoben da kansa ko a karɓa. Can cikin dajin Barazil kuma wasu 'yan ƙananan mutane, waɗanda ko kafaɗarsa ba su kai ba, suka yi ta lilo da igiya suna jibgar sa, birai ma suka samu rabonsu yana rataye ƙafa a sama. Ƙato ne, amma shi ake yi wa dariya, kuma fuskarsa ta san yadda za ta karɓi abin.

TAMBAYA: Kawu, wai resilin ɗin nan da gaske ake yi ko wasa ne? Yayana ya ce duk ƙarya ce. Daga wani ɗalibi a Damagaram.

AMSA: Ɗana, kai da ka tashi a ƙasar da ake kokawar neman takobi, inda ƙato ke shiga fili bai san ko shi zai kai ƙasa ba, dole abin ya ɗaure maka kai. Resilin na Amurka ba haka yake ba. Kafin a shiga an riga an san wanda zai ci, akwai marubuta da ke tsara wa ke gaba da wa, da dalilin gabar. Ba ma ɓoyayyen abu ba ne: a 1989 kamfanin WWF da kansa ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, don ya kauce wa dokoki da kuɗaɗen hukumar wasanni.

Sai dai ka gaya wa yayanka faɗuwar ba ta ƙarya ba ce. Wanda aka ɗaga aka maka a kan katako ya maku. The Rock da kansa, a karawarsa da John Cena a WrestleMania ta 2013, babban taron resilin na shekara-shekara, jijiyoyin mararsa suka tsinke daga ƙashin ƙugu ana tsakiyar wasa, ya daure ya ƙarasa, daga baya sai da aka yi masa tiyata, har aka ɗage fara ɗaukar fim ɗinsa na Hercules.

Wannan ne ma ya sa 'yan resilin ke saurin shiga fim. Sana'arsu ta koya musu yadda ake kai naushi ba a ji wa mutum ciwo ba, da yadda wanda aka nausa zai nuna wa na kujerar ƙarshe cewa ya ji a jikinsa. Ba Amurka kaɗai ba. Iyayenku da suka sha kallon finafinan Indiya sun san Dara Singh, wanda ya fito a matsayin mahaifin Amitabh Bachchan a Mard. Ɗan kokawa ne tun kafin ya san kyamara.

TAMBAYA: Malam, yarana uku sun dame ni da finafinan mutumin nan, babban shekararsa 12. Wanne zan bar su su kalla? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya su. Fara da The Game Plan na 2007: ɗan ƙwallo ne mai ji da kansa, kwatsam wata 'yar shekara 8 ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta ce ita 'yarsa ce, ƙarshenta har rawar 'yan makaranta sai da ta sa shi. Moana na 2016 zane ne, muryarsa kawai ke ciki, sai dai ki sani an gina shi a kan tatsuniyoyin mutanen tsibiran tekun Pasifik da abubuwan bautarsu na da, don haka ki zauna kusa ki yi musu bayani. Babban zai ji daɗin Jumanji na 2017, inda wani yaro matsoraci ya faɗa cikin wasan kwamfuta ya tsinci kansa a jikin The Rock. Ki ga ƙato yana taɓa damtsensa yana mamaki, motsi kaɗan ya zabura. Akwai 'yan maganganun manya jefi-jefi a ciki.

Baywatch da Pain & Gain kuwa, ko an ce miki barkwanci ne, kada su shigo gidan. Central Intelligence ma, duk da ban dariyar da suka yi shi da Kevin Hart, akwai tsiraici a farkonsa da ƙarshensa. Kuma kada ki dogara da cewa an fassara fim da Hausa. Mai fassara murya yake canzawa, hoton yana nan yadda yake.

TAMBAYA: Shi wai Balarabe ne ko Ba'indiye? Daga wata mai karatu a Kumasi.

AMSA: Ko ɗaya, 'yar'uwa. A jihar Kalifoniya aka haife shi, ranar 2 ga Mayu, 1972. Mahaifinsa Rocky Johnson baƙar fata ne ɗan Kanada, shi da Tony Atlas ne baƙaƙen fata na farko da suka ci kambun 'yan bibbiyu na WWF a 1983. Mahaifiyarsa 'yar asalin Samowa ce, kuma kakansa na wajen uwa, Peter Maivia, shi ma ɗan resilin ne. Gado ne gaba da baya. Zanen da ke kafaɗarsa ta hagu na al'adar dangin uwar ne.

TAMBAYA: Kawu, me ya fitar da shi daga Fast & Furious? Kuma ni dai finafinansa na baya-bayan nan ba sa kama ni kamar na da. Ko ni ne na tsufa? Daga wani direban tirela a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, ba kai kaɗai ba ne, mu biyu ne. Ya shiga jerin ne a Fast Five na 2011, a matsayin Luke Hobbs, jami'in da aka turo Rio ya kamo su Vin Diesel, kuma shigarsa ta ƙara wa tafiyar mai sosai. A 2016, ana cikin ɗaukar na takwas, ya yi rubutu a Instagram yana caccakar wasu abokan aikinsa maza bai kama suna ba, daga baya ta fito fili cewa da Vin Diesel yake. Zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Ya ware ya yi Hobbs & Shaw da Jason Statham a 2019, bai fito a na tara ba, sai ga shi ya leƙo a ƙarshen Fast X a 2023, alamar an sasanta.

Batun rashin kamu kuwa, ga nawa ganin. A 2019 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton yadda manyan jaruman jerin nan, har da shi, ke sa ido kada a nuna an fi ƙarfinsu a faɗa. To, in jarumi ba ya shan kashi, me zai sa gabanka ya faɗi? A Fast Five an kai shi ƙasa, Vin Diesel ya ɗaga sifana ya maka a siminti dab da kansa, kowa ya riƙe numfashi. A The Other Guys na 2010 shi da Samuel L. Jackson suka yi tsalle daga saman bene don tsabar jin kai, suka faɗo a kan titi suka mutu tun fim bai yi nisa ba, kuma har yau in na tuna sai na yi dariya. Amma ka dubi Skyscraper da Rampage da Red Notice da Black Adam: mutum ɗaya ne ake canza wa riga, bango ya faɗo masa ya karkaɗe kafaɗa. A wannan tsakanin Dave Bautista, shi ma ɗan resilin ne da ya shiga fim, ya yi ta karɓar ƙananan rawa a hannun manyan daraktoci, ka ga 'yan mintocinsa a farkon Blade Runner 2049 da ɗan tabarau a hanci, John Cena kuma ya ɗauke rawar ƙaton wawa da The Rock ya ajiye.

Da alama The Rock ɗin ma ya ji a jikinsa. A 2025 ya fito a The Smashing Machine, labarin Mark Kerr, wani ɗan damben keji na ƙarshen shekarun 1990 da maganin kashe zafi ya kama. An canza masa fuska, an sa masa gashi, an doke shi a Japan, ya koma ɗakin canza kaya ya zauna yana kuka. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma in faɗan motoci kake nema ba za ka same shi a nan ba. Ni dai sau biyu na kalle shi. A karo na biyu uwargida ta leƙo da kwanon tuwo a hannu, ta tambaye ni wane ne wannan mai gashin. Na ce The Rock ne, ta ce in daina yi mata ƙarya da girmana.