Ga ƙanwarmu mai son barin nama saboda ɗumamar yanayi

Wa alaikis salam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki, cewa kin kalli bidiyon da ya ce shanu na cikin masu ɗumama duniya, manyan kamfanonin nama kuma na kamun ƙafa don kada a taɓa su, har kina tunanin barin nama, ko hakan zai yiwu a nan Daura. Wasu sun yi miki dariya, wani ma ya ce makircin Turawa ne. Bari in sa baki, don ni ɗan gidan fawa ne, a gindin tukuba na tashi, kuma shekara uku ke nan da likita ya shiga tsakanina da jan nama saboda hawan jini da ciwon gaɓoɓi.

Maganar shanun ba ƙarya ba ce. Ciyawar da ke narkewa a tumbin saniya tana haifar da iskar da ake kira metan, kuma yawancinta ta gyatsa take fita, ba ta baya ba kamar yadda yara ke barkwanci. Iskar nan ta fi hayaƙin mota riƙe zafi nesa ba kusa ba, sai dai ba ta daɗewa, cikin shekara 12 ko makamancin haka ta baje. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2006 kiwo ne ke da kashi 18 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke jawowa mai ɗumama duniya, a 2013 ta sauko da shi 14.5. Sauyin hanyar lissafi na da hannu a ciki, amma a 2023 wasu tsofaffin ma'aikatan hukumar sun shaida wa jaridar Guardian irin matsin da suka sha bayan rahoton farko.

Kamun ƙafar ma haka yake. A taron yanayi na Dubai a 2023 wakilan kamfanonin nama da madara sun yi dafifi, ciki har da JBS na Brazil, wanda ya fi kowa sarrafa nama a duniya, daga ƙasar da ake sare dajin Amazon don a samu makiyaya. A Fabrairun 2024 babbar lauyar jihar New York ta maka reshensa na Amurka a kotu, tana zarginsa da yaudarar masu saye da alƙawarin share hayaƙinsa nan da 2040. Wannan kamfanin dai shi ne ya sa hannu da gwamnatinmu a Nuwamban 2024 kan zuba dala biliyan 2.5 da gina masana'antu shida. To kin ga zancen ya iso ƙofar gida.

Amma ki auna da mudunmu. Ba'amurke yana cin sama da kilo 100 na nama a shekara, ɗan Najeriya ko 10 bai kai ba. Gidaje nawa ne a unguwarku suke sa tsoka a miya kullum? Abin da ke ba ni haushi shi ne, da an ce wa waɗancan su rage, sai su fake da mu, su ce za a hana talakan Afirka abinci. Bafulatanin da ya koro bijimi biyu zuwa kasuwar Mai'adua don ya sayi gero bai san ana cin kasuwa da sunansa a Dubai ba.

Yanzu ga abin da bidiyon bai gaya miki ba. Kwaɗayi ba shi ne babbar wahala ba, wannan wata biyu ya kwanta, ko da yake har gobe in na ratsa ta gaban mai tsire bayan magariba ƙamshin ƙuli da yaji sai ya sa na ƙara sauri. Mutane ne wahalar. Babbar Sallar farko da na yi, ana suya a tsakar gida, Hajiyarmu ta tsamo hanta mai zafi ta ɗora a murfin kwano ta miƙo mini, kamar yadda ta saba tun ina yaro. Na ce likita ya hana. Ta kalle ni ta ce, "Ɗan mahauci ya ƙi hanta? Kai dai a binciki lamarinka." Ta mayar da murfin ba ta ƙara magana ba, har la'asar fuskarta ba ta saki ba. Daga ranar na gane cewa a wurinmu tsoka ba ci kawai ba ce, da ita ake nuna an daraja ka. Ki ƙi naman ragon suna a gidan ƙawarki ki ga yadda za a fassara ki.

Shi ya sa ban bari kwata-kwata ba, ragewa na yi. Layya ina yi duk shekara, in karɓi yanka ɗaya daga hannun Hajiya, sauran a raba. Ke ma kada ki bari a ja ki gardamar halal da haram, ba ki haramta komai ba, cikinki kike wa tsari. A gidan biki kuma ba sai kin yi wa'azi ba, ki tura tsokar gefen yaran da ke kusa, su za su sa miki albarka.

Abin maye ba mu rasa ba: wake da shinkafa, ɗanwake, alale, awara, kwaɗon zogale da ƙuli. Miyar kuka in ta ji daddawa da busasshen kifi ba za ki nemi romo ba. Sai dai kada ki haɗa da ƙwai da kifi da nono duk ki watsar, saboda sinadarin B12 daga dabba ake samunsa, rashinsa kuma na jawo ƙarancin jini da kasala. In kina da juna biyu ko kina shayarwa, ki fara ganin likita. (Na sani, nonon ma daga saniyar yake, amma ni dai fura ba da ni za a bar ta ba.)

Ki fara da kwana huɗu a mako babu jan nama. In kin yi wata guda ki dawo ki ba mu labarin yadda kuka kwashe da Umma ranar da aka yi farfesun kan rago.