Amsa kan moldin da kafinta ya ce a sa a falo

Wa alaikumus salam Hajiya, kin ce kafinta ya kawo miki lissafi har da kuɗin moldin, kina tambaya ko ado ne kawai ko yana da amfani. To duka biyun ne. Siririn katako ne da ake gurza masa fuska a inji a bi da shi duk inda abu biyu suka haɗu, kamar tsakanin silin da bango, ko gefen firam ɗin ƙofa inda siminti ke barin tsaga. Na ƙasa da ke bin gindin bango shi ake kira sikatin, shi ke tare ruwan mofa da ƙafar kujera kar su ɓata fenti.

Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne bushewar katakon, don a Zariyar nan idan aka sa ɗanye da damina wallahi hunturu na shigowa zai tsuke, ki ga kusurwa ta buɗe baki har kan ƙusa ya fito. Ki sa ya je 'yan katako a Sabon Gari ya zaɓo busasshe, madaci in da hali, a shafa masa maganin gara ta baya kafin a kafa. MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam a matse, ya fi araha kuma yana shan fenti da kyau amma ba ya jure ruwa, kar a kai shi kicin ko bayi.

Ki duba kusurwoyin da kanki kafin ki cika masa kuɗi, kowane baki a digiri 45 ake yanka shi, in ya haɗu tsaf ba a cusa foti, wato abin cike tsaga, ba to kafintan ya iya aikinsa.