Koci ya ci zarafin ɗan ƙanina, makaranta na so a rufe maganar, ina muka dosa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. A Kubwa nake zaune. Ɗan ƙanina shekararsa 13, yana wata makarantar kuɗi mai ƙungiyar ƙwallo, kwanaki muka ga ya daina son zuwa atisaye, da ƙyar ya faɗa wa mamansa cewa kocinsu ya daɗe yana lalata da shi in an tashi. Mun je makarantar, firinsifal ta ce sun sallami kocin, za su maido mana kuɗin makaranta na shekara ɗaya mu bar maganar saboda mutuncin yaron, babansa har ya fara yarda. Wasu kuma sun ce wai a doka ba a yi wa namiji fyaɗe. Dan Allah meye mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya, ya sanyaya muku zuciya.

Kafin komai ki ce wa ƙaninki kar ya sa hannu a kowace takarda kuma kar ya karɓi ko sisi. Wannan kuɗin toshiyar baki ne, kuma karɓar kuɗi don a ɓoye mai laifi shi kansa laifi ne a doka. Sallamar da suka yi wa kocin kuwa wallahi ba hukunci ba ne, gobe ma wata makarantar a Bwari ko Gwarinpa za ta ɗauke shi ta damƙa masa wasu yaran.

Masu cewa namiji ba a yi masa fyaɗe, tsohuwar dokar Penal Code suka riƙe, ita ce sashe na 282 ya taƙaita fyaɗe a kan mace. Amma a Abuja akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, ita kam ba ruwanta da mace ko namiji, hukuncinta ɗaurin rai da rai, ko an sassauta ba ya yin ƙasa da shekara 12 kuma babu zaɓin tara, sannan ta ce kotu ta sa a biya wanda aka zalunta diyya. Ga kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne a wurinta, sashe na 31 ya ce saduwa da yaro rai da rai ne, kuma cewa wai yaron ne ya yarda ba hujja ba ce, sashe na 32 kuma ya tanadi shekara 14 ga sauran nau'in lalata da bai kai saduwa ba.

To yanzu asibiti za ku fara zuwa, na gwamnati, yau ba gobe ba. Idan abin da ya faru na ƙarshe bai wuce awa 72 ba akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake bayarwa, in ya wuce ma a je, a duba shi a rubuta rahoton likita. Nakan dage a kan wannan ne saboda Dokar Shaida ta 2011, yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai an samu wata shaidar da ta ƙarfafa ta, kin ga naku 13 yake, kenan rahoton likita da saƙonnin WhatsApp in kocin yana turo masa da kayan da ya saka da abin da abokan wasansa suka gani duk su ne ƙarfin kes ɗinku. Kar a goge komai a wayar, kar kuma a yi ta tura hotunan saƙon a gurup na dangi. Ko maganar da firinsifal ta yi muku ku rubuta rana da lokaci da waɗanda ke wurin.

Daga nan ku kai ƙara. Za ku iya zuwa caji ofis ku nemi sashen da ke kula da mata da yara, amma ni in dai a Abuja ne na fi tura mutane hukumar yaƙi da fataucin mutane, wato NAPTIP, da ke Wuse Zone 5, don ita dokar VAPP ta ɗora wa aikin, kuma ita ke riƙe da rajistar masu laifin fyaɗe da aka buɗe a 2019. Babbar Kotun Abuja ce ke da hurumin shari'ar. Tsoron tonon silili da ke damun babansa na fahimta, amma doka ta ba alƙali dama ya saurari irin wannan shari'a ba a bainar jama'a ba, yaron ya yi magana ta bidiyo ko a bayan labule, kuma an hana buga sunansa. In kocin ko mutanensa suka fara barazana ana iya neman odar kariya daga kotu.

Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne ita ma makarantar tana da nata alhakin. Shari'ar laifi gwamnati ce ke yin ta da kocin, amma ku ma kuna iya shigar da ƙarar neman diyya daban a madadin yaron, ku haɗa kocin da makarantar, a tambaye su wane bincike suka yi kafin su ɗauke shi, waye ke sa ido in an tashi atisaye, an taɓa kawo musu ƙorafinsa suka danne? A Amurka likitan ƴan wasan motsa jiki Larry Nassar an yanke masa shekara 40 zuwa 175 a 2018, jami'ar jihar Michigan da yake wa aiki kuma sai da ta amince ta biya dala miliyan 500 ga waɗanda ya zalunta. Ba ina ce miki kotunmu za ta ba da irin wannan kuɗin ba, a'a, amma hujjar ɗaya ce, wanda aka ba amanar yara ya yi sakaci sai ya amsa. Ga masu karatu da tasu makarantar ta gwamnati ce ku hanzarta ganin lauya, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 kacal da lauyoyinsu ke fakewa da ita. Ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin sashe na 34 na tsarin mulki ce ba ta da wa'adi.

Ku rubuta ƙorafi kuma zuwa Sakatariyar Ilimi ta Abuja da ke sa ido kan makarantun kuɗi, in kocin malami ne mai rajista a aika wa hukumar rajistar malamai ta TRCN don tana da ikon soke sunansa, a sanar da hukumar ƙwallon ƙafa ta Abuja ita ma.

In kuɗin lauya ne matsala, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Maitama suna karɓar irin wannan ƙorafi kyauta. Ba zan ɓoye miki ba, shari'a tana da jan ƙafa, za a yi ta ɗage zama, za a turo muku manya da malamai su ce a yi haƙuri a bar wa Allah.

Shi kuma yaron dan Allah a daina sa shi maimaita labarin gaban kowane kawu da gwaggo, ya faɗa wa likita da mai bincike ya isa, a nema masa mai ba da shawara a asibitin, kuma wani babba da yake jin nauyinsa, babansa ya fi, ya zaunar da shi ya ce masa ba laifinsa ba ne.